Shekara Biyar ko Shekara Takwas

Ranar Litinin da hantsi, a sashen jarirai na wani asibitin koyarwa a birnin Plovdiv, Tsveta Rusanova ta sunkuya a kan wani jariri ɗan kwana tara za ta ɗebi jininsa. Aiki ne da ta yi ya fi sau ɗari tun tana ɗaliba. Ta kama ɗan hannun, ta lanƙwasa shi har jijiya ta fito siririya kamar zare, ta saita allura. Sai yatsanta na tsakiya ya zabura shi kaɗai, ba ita ta motsa shi ba. Allurar ta goce ta karci fatar yaron, 'yar kwalbar da ke tsakanin yatsunta ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado.

Jaririn ya tsala ƙara. Sista Rumyana, wadda ta shekara ashirin a sashen, ta karɓi hannun ta ɗebi jinin kafin uwar yaron ta gama miƙewa daga kujera.

Ta dubi Tsveta ta gefen tabarau ta ce, "Ƙaramar likita, soyayya ce ko yunwa? Je ki sa wani abu a cikinki, kin yi fari fat."

Tsveta ta yi yaƙe, ta fita. Ba ɗakin cin abinci ta nufa ba. Banɗaki ta shiga ta murɗa mukulli, ta miƙa hannuwanta biyu a gabanta tana kallonsu. Ba su motsa ba. Ta ƙirga har sittin, suna nan shiru. Amma zufa ta riga ta jiƙa mata baya.

Shekarunta ashirin da shida, ta gama karatun likita wata huɗu da suka wuce, tana taimakawa a sashen kafin a raba guraben horo. A aljihun farar rigarta akwai takardar da za ta mayar ranar Juma'a kafin sha biyun rana. Hanya biyu aka shimfiɗa mata. Ko ta yi likitancin yara cikakke shekara huɗu, ta karɓi shaida, sannan ta koma ta yi wasu huɗun a fannin cututtukan gado. Ko kuma ta shiga sabon tsarin da asibitin ya buɗe, wanda ya haɗa fannonin biyu a dunƙule cikin shekara biyar. Tun bazara ta gama yanke wa kanta shawara, doguwar hanya za ta bi. So take ta zama irin likitar da za a miƙo wa jariri ya yi shuɗi ta san abin yi ba tare da ta ɗaga waya ta kira kowa ba.

Yanzu a tsaye a banɗaki lissafi ya zo mata da kansa. Ashirin da shida da takwas, talatin da huɗu. Babanta yana da talatin da takwas ciwon ya fara taɓa shi. Kakarta, uwar babanta, sai da ta kai hamsin. A aji na huɗu na karatun likita Tsveta ta karanta cewa idan ta wajen uba aka gaji ciwon Huntington, sau da yawa yakan riga lokacin da ya zo wa uban. Ta tuna ranar da ta karanta layin, ta rufe littafin ta tafi kallon fim. Kowane ɗa na mai ciwon, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne. Ba ta taɓa yin gwajin ba.

Da la'asar ta koma gida, hawa na biyar a dogon ginin unguwarsu. Tun daga ƙofa ta ji ƙarar kujerar Baba tana bugun tebur. Baba Lyuben yana zaune an ɗaura masa tawul a wuya, kafaɗunsa na tashi suna sauka, hannun dama na shawagi a iska kamar mai korar ƙuda, ƙafarsa na dukan ƙafar tebur. Shekara goma sha huɗu ke nan jikinsa bai san hutu ba sai in barci ya ɗauke shi. Goggo Nevena, yayarsa, wadda ta dawo gidan tun bayan rasuwar mahaifiyar Tsveta, tana riƙe da cokali tana jiran bakinsa ya zo daidai.

"Buɗe, Lyuben, kai ba jirgin sama ba ne. Yauwa. Ke kuma 'yar nan, ga miyar wake can a kan wuta, akwai sauran banitsa, burodin cukun nan, a tanda. Kin cike takardar?"

"Tukuna, Goggo."

"Cike takarda ɗaya ya fi ƙarfin mai digiri?"

Tsveta ta zuba miya ta zauna. Ta ɗauki cokali, sai ta tsinci kanta tana kallon yadda yake tafiya daga kwano zuwa bakinta, ko zai karkace. Ta ajiye cokalin. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta tsaya gaban madubi ta zaro harshe tana ƙirgawa, don ta san mai ciwon ba ya iya barinsa a waje na daƙiƙa goma. Ta kai goma sha biyar. Ta fito zaure ta bi layin tayil, diddige a gaban yatsu, diddige a gaban yatsu. A taku na bakwai ta ɗan yi tangal-tangal, zuciyarta ta buga kamar za ta fasa ƙirji.

"Yaushe ya fara?"

Goggo ce tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu. Muryarta ta sauka ƙasa don kada Baba ya ji.

"Me ya fara?"

"Kada ki raina min hankali. Layin nan da kike bi, ni na bi shi shekara talatin a gidan uwarmu. Me kika gani?"

Tsveta ta gaya mata zancen yatsa da allura. Goggo ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta goge hannu a zanin girki.

Can ta ce, "To ɗauki gajeriyar. Ki gama da wuri, ki samu abin riƙewa. Ni shekarata sittin da uku, bayana ya gama aiki. Ban san ko zan iya ɗaga mutum biyu ba."

Ta faɗe shi ne kai tsaye, kamar mai faɗin farashin albasa, sannan ta koma kicin. Tsveta ta ji tana cewa, "Buɗe, Lyuben," amma muryar na rawa.

Talata ta zo mata da sabon tsoro. Duk abin da jikinta ya yi sai ta tsaya ta tuhume shi. Ta manta lambar gadon wata yarinya, ta ce shi ne. Ta daka wa wani ɗalibi tsawa don ya tsaya mata a hanya, ta ce shi ne, ai Baba ma da faɗa ya fara. Sau biyu ana neman mai ɗibar jini tana sulalewa ta shiga ɗakin ajiye magani. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin tashar bas. Baba direban bas ɗin birni ne a da. Shekara biyu kafin a gano ciwonsa, wata safiya ƙafarsa ta taka mai maimakon birki, motar ta hau dakali ta murƙushe ƙafar wata mata mai jiran mota. Har kotu ya rantse cewa birki ya taka, kuma iyakar gaskiyarsa ke nan. Bai san jikinsa ya daina bin umarninsa ba. Tsveta ta dubi jerin jariran da ke cikin akwatunan gilashi, wasu ba su kai nauyin burodi biyu ba.

Ranar Laraba ta hau hawa na uku wurin Dakta Shopova, shugabar sashen cututtukan gado, ɗaya daga cikin masu zaɓen waɗanda za a ba gurbi. Mace ce gajera mai furfura, an san ta da rashin ɓata magana. Tsveta ta ajiye takardar a gabanta, ta riga ta sa alama da fensir a kan tsarin shekara biyar.

Dakta Shopova ta duba, ta ɗago. "A watan Afrilu kin zauna a kujerar nan kin yi min huɗuba cewa wanda bai ƙoshi da ɗakin yara ba bai cancanci ya taɓa yaro ba. Me ya canza?"

"Na sake tunani ne, ranki ya daɗe. Shekara takwas da yawa."

"Da yawa ga wa?"

Tsveta ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Rusanova," in ji Dakta Shopova a hankali. "Ni na rubuta sakamakon mahaifinki. Kina 'yar shekara goma sha biyu, kina zaune a bencin waje da jakar makaranta. Tun ranar da na ga sunanki cikin ɗalibai na gane ki, ban ce komai ba don ba hurumina ba ne. Fito da hannuwan nan."

Nan kukan da ta riƙe tun Litinin ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, har da tangal-tangal ɗin zaure. Dakta ta bar ta ta gama, ta miƙa mata takardar goge hanci, sannan ta zagayo ta tsaya a gabanta.

"Bi yatsana da ido, kada ki juya kai. Sama. Ƙasa. Dubi nan, dubi can, da sauri. Matse yatsuna, kada ki saki. Zaro harshe. Tashi ki je ƙofa ki dawo."

Kowane umarni Tsveta ta san abin da ake nema da shi, shi ya sa kowannensu ya zame mata kamar a ce ta taka bakin rijiya. Tana tafiya zuwa ƙofa ta manta yadda ake tafiya, sai da ta tuna wace ƙafa ce ke gaba.

Dakta ta koma kujerarta. "Kofi nawa kika sha ranar Litinin kafin ki taɓa yaron?"

"Uku. Ko huɗu."

"Me kika ci?"

"Ban ci ba."

"To. Yau ban ga komai a jikinki ba, ko ɗigo. Yatsan mai kofi huɗu da cikin wofi yakan yi tsalle, nawa ma yana yi. Amma ke likita ce, ba zan yi miki wayo ba. Abin da na gani yau bai faɗi komai game da abin da ke cikin jininki ba."

"To a ɗiba yanzu, ranki ya daɗe. A yi min gwajin kafin Juma'a. In ina da shi in ɗauki biyar, in babu in ɗauki takwas."

"A'a."

"Don Allah."

"Ko kin durƙusa. Na farko, ina cikin masu zaɓe, bai halatta in san abin da ke jininki ba, don haka ba a nan za a yi ba, babban birni Sofiya za ki. Na biyu, ba a yi wa mutum gwajin nan ranar da ya shigo a firgice. Za ki zauna da su sau biyu ku yi magana, sannan a ɗiba, sannan ki jira. Wata biyu, in an yi sauri. Juma'a kuwa jibi ce."

Tsveta ta ji ɗakin ya matse. Dakta ta jawo takardar ta juya ta, ta ɗauki biro.

"Bari in gaya miki abin da nake gaya wa kowa, mai ciwo a gida da marar shi. Tsarin biyar zai yanke miki watanni masu yawa na ɗakin yara. Za ki fito kin san cutar da mutum ɗaya cikin dubu hamsin ke yi, amma shekarar farko zazzaɓin yaro na yau da kullum zai riƙa ba ki tsoro. Kuma shaidun biyu a ƙarshe ake ba da su. Kika tsaya a shekara ta huɗu, hannu wofi za ki fita. Tsarin takwas, shekara huɗu kina da shaida ɗaya a hannu, taki ce har abada. Sai dai cikin mutum bakwai da suka yi min alkawarin za su dawo bayan likitancin yara, biyu suka dawo. Sauran, wasu aure ya ɗauke su, wasu gajiya, wasu sun tafi aiki Jamus." Ta ajiye biron. "Kin ga ko lissafin tsoron naki bai ba ki amsa ɗaya ba."

"Ba mutuwa nake tsoro ba," in ji Tsveta. "Tsoro nake in cuci ɗan wani ban sani ba, kamar yadda Baba ya yi wa matar nan."

"Wannan tambaya ce ta gaske. Aikinmu a nan ido ne da kunne da magana, allura kaɗan ce. Amma ciwon nan ba hannu kaɗai yake ci ba, kin sani. Babu fannin da zai ɓoye ki. Abin da zai tsare yaran shi ne ki san gaskiyar jininki, kuma ki sa wani ya riƙa duba ki. Ɗauki takardarki. Ki goge fensirin nan ki sake tunani."

Alhamis ba ta je aiki ba, ta ce ba ta da lafiya. Da rana Goggo ta tafi coci kunna kyandir, ta bar ta da Baba. Tsveta ta zauna tana yanke masa farce, aikin da ke cin rabin awa saboda sai an bi hannun duk inda ya tafi. Maganarsa ta lalace tun shekara uku, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Yana ta kallonta, kansa na juyawa, idonsa na dawowa kanta.

"Ke," ya ce. Ya yi ta fama. "Ke... fa?"

Ba ta san ko ya ji maganarsu da Goggo ba, ko kuwa fuskarta ya karanta. Tunda take ba su taɓa yin zancen ba.

"Ban sani ba, Baba. Zan je a duba."

Hawaye ya gangaro masa, hannunsa ya fizge daga nata ya bugi hannun kujera. Ta kamo shi ta ci gaba da yankan farcen, don ba ta san me za ta yi ba in ba shi ba.

Ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya da rabi tana tsaye a barandar ofishin horo, takardar a kan dakalin taga, babu alama ko ɗaya a jikinta. Abokan karatunta suna shiga suna fita suna dariya. Ta sa biro a kan takwas, ta ga kanta tana da talatin da uku, a shekarar ƙarshe, kafaɗarta ta fara tashi a gaban iyayen wani yaro. Ta ɗauke. Ta sa a kan biyar, ta ji kamar ta amsa da bakinta cewa tana da ciwon. Sakatariyar ta leƙo ta ce, "'Yan mata, in addu'a kike yi, coci na tsallaken titi. Minti goma na rufe."

Ta sa alama a kan biyar, ta sa hannu. Sa hannun ya fito a karkace, ta tsaya tana kallonsa har sakatariyar ta zare takardar daga yatsunta. Ba za ta iya cewa ta zaɓa ba. Tsoro ya fi nauyi ta wannan gefen, ta bi shi.

Aka ba ta gurbin. Sau uku ta hau jirgin ƙasa zuwa Sofiya cikin watan Satumba da Oktoba, sau biyu don magana, na uku aka ɗebi jini. Makonnin jira ba ta iya tuna su da kyau. Ta rame har siket ɗinta na juyawa a ƙugu. Ta daina shan kofi, yatsan bai sake motsi ba, amma hakan bai kwantar mata da hankali ba ko kaɗan.

Ranar sakamako Goggo ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci ta raka ta. A ɗakin jira ta riƙe hannun Tsveta da ƙarfi har zoben ya shiga nama. Likitan, wani dogo mai sanƙo, bai bari sun gama zama ba.

Ya ce, "Labari mai daɗi ne. Ba ki gada ba. Lambobin ƙwayoyin gadonki sha bakwai da sha tara ne, duka biyun lafiya lau. Ba za ki yi ciwon ba, 'ya'yanki ma ba za su same shi ta wajenki ba."

Tsveta ta karɓi takardar ta karanta sunanta, ta karanta ranar haihuwarta, ta sake karanta lambobin. Ta tambaye shi ko akwai yiwuwar an musanya kwalba. Ya ce kwalba biyu aka gwada daban-daban. Ta ce to, ta gode, ta tashi, sai ga ta zaune a ƙasa ba ta san yadda aka yi ba. Goggo na ta faɗin, "Ku ba ta ruwa mana, ku likitocin nan ba ku da ruwa ne?"

A jirgin komawa, wajen garin Pazardzhik, wani abu ya taso mata wanda ba ta zata ba. Haushi ne. Ta ce, "Goggo, da na sani da takwas ɗin na ɗauka."

Goggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ji 'yar banza. Awa biyu da aka ce za ki rayu, har kin samu abin ƙorafi." Ta ɓare dafaffen ƙwai ta tura mata. "Ci."

Washegari ta tambaya a ofishin horo ko ana iya sauyawa. Aka ce guraben likitancin yara sun cike tun Satumba. Ta yi kwana biyu tana jin zafin abin, tana kuma jin kunyar jin zafin. Daga baya ta roƙi Sista Rumyana ta riƙa kiranta duk Asabar da hannu ya yi ƙaranci a sashen jarirai, don ta cike abin da tsarin ya yanke mata. Sista ta ce ta yarda, da sharaɗin ta karya kumallo.

Amma a ranar da suka dawo daga Sofiya, da yamma rana ba ta faɗi ba, Tsveta ta durƙusa a gaban kujerar Baba ta kama gwiwoyinsa.

"Baba, an duba. Babu. Ban ɗauka ba."

Ya daɗe yana kallonta. Bakinsa ya buɗe, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Ya ɗago hannu biyu zai kama fuskarta, na dama ya kauce ya dawo da ƙarfi ya same ta a hanci. Nan take jini ya ɓalle ya zubo mata a riga.

"Lyuben!" Goggo ta yi ihu. "Sofiya ta sallame ta lafiya, kai za ka kashe ta a gida?"

Baba na dariya yana kuka, kujera na bugun tebur. Tsveta ta toshe hanci da tawul ɗin wuyansa, ta kamo hannun nasa ta ɗora a kumatunta ta danne shi da nata. Goggo ta tafi kicin neman ƙanƙara tana ta faɗa, maƙwabciya kuma ta tsaya a ƙofa da jakarta tana tambaya ko a kira motar asibiti.